Yadda Ake Haɗa Lodar Gaba da Ɗora Ta a Kan Tarakta Ba Tare da Hatsari Ba

Gabatarwa

Lodar gaba ita ce na'urar nan mai hannuwa biyu da bokiti wadda ake ɗaura wa tarakta ta gaba domin ɗiba da ɗaga kaya. A Kudancin Kaduna amfaninta ba ɓoyayye ba ne. Manoman citta na Zangon Kataf da Kachia da Jaba suna bukatar takin gargajiya mai yawa kafin shuka a watannin Afrilu da Mayu, kuma kwaso shi daga rugage ko gidajen kaji da shebur da kwando aiki ne na kwanaki. Da damina hanyoyin gona sukan zaizaye, sai an zuba musu marmara kafin mota ta iya shiga. Da kaka kuma ga buhunan citta da masara suna jiran lodi. Duk wannan loda na yin sa cikin 'yan sa'o'i.

Sai dai akwai abin da mai tarakta da malamin gona ya kamata su sani tun farko. Taraktar noma an ƙera ta ne domin ta ja kaya ta baya, ba domin ta ɗauke shi ta gaba ba. Da zarar an ɗora mata loda, rabon nauyinta ya sauya, kuma yadda take tsayawa da juyawa da taka birki duk sun sauya. Saboda haka aikin ɗora loda bai ƙare ba don kawai hannuwa sun hau sun sauka. Sai an mayar wa tarakta da daidaiton da aka ɗauke mata.

Abin da ke faruwa ga nauyin tarakta

A ɗauki misalin tarakta mai nauyin kilo 2,500, wadda tazarar da ke tsakanin tayoyinta na gaba da na baya ta kai mita 2.2. Idan tana tsaye ba kaya, wajen kilo 1,000 na kan tayoyin gaba, kilo 1,500 kuma na kan na baya. Sai aka ɗora mata loda mai nauyin kilo 500, aka cika bokiti mai cin rabin mita kubik da jiƙaƙƙen yashi. Wannan yashi zai kai kilo 950, wato daidai da buhun takin zamani 19.

Kayan nan ba a kan tarakta yake zaune ba, yana can gaba da tayoyin gaba da kamar mita ɗaya da rabi. Don haka tayoyin gaba sun zama kamar tsakiyar sikeli: abin da ya danna gaba, shi ke ɗaga baya. Idan aka yi lissafi, nauyin da ke kan tayoyin gaba zai tashi daga kilo 1,000 zuwa wajen kilo 3,200, ya ninka fiye da sau uku ke nan. Na baya kuwa zai sauka daga kilo 1,500 zuwa wajen kilo 740.

Ga inda matsalar take. A yawancin taraktocin da ke hannun manomanmu, tayoyin baya ne kaɗai ke ja, kuma su ne kaɗai ke da birki. Tayar da ba ta danne ƙasa ba, birkinta ba ya kamawa. Ƙa'idar da masu ƙera loda ke bi ita ce aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na dukan nauyi ya rage a kan tayoyin baya lokacin da bokiti ke cike, wasu kamfanonin ma kashi ɗaya cikin huɗu suke nema. A misalinmu abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Irin wannan tarakta tana iya tafiya lafiya a fili, amma a gangaren rafi ko a gindin duwatsun Kagoro, bayan an sha ruwan Agusta, direba zai taka birki ya ji babu komai.

Akwai kuma na biyu. Aksil ɗin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gaba, yana lilo ne a kan ƙusa guda a tsakiya domin ya bi tudu da kwari. Ba shi ke hana tarakta kifewa ta gefe ba, tayoyin baya ne. Idan bayan ya yi sauƙi, kuma bokiti na sama, ƙaramin rami ko tsohuwar kunya ta isa ta kwantar da tarakta.

Kafin a saya

Ba kowace loda ke shiga kowace tarakta ba. Kowace loda tana zuwa da ƙarafan mazauni waɗanda aka yanka aka huda daidai da ramukan jikin wata tarakta ta musamman. Wanda zai sayi sabuwa ya faɗa wa dillali sunan taraktarsa da lambar samfurinta da ƙarfin injinta, ya kuma karɓi littafin bayani. Wanda zai sayi ta hannu, wadda ita ce ta fi yawa a kasuwa, ya tambayi daga kan wace irin tarakta aka cire ta, ya tabbatar mazauninta ya biyo ta.

Inda aka fi samun kuskure shi ne idan mazauni bai dace ba sai a kira mai walda. A yawancin taraktoci, irin su Massey Ferguson da tsofaffin Fiat da Steyr waɗanda aka taɓa harhaɗawa a Kano da Bauchi, jikin inji da akwatin giya su ne ƙashin bayan tarakta. Zubin ƙarfe ne, yana da ƙarfin ɗaukar danni amma ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Walda a jikinsa ko sabon huji yana raunana shi, kuma tarakta na iya karyewa biyu a wajen kulochi. Idan dole ne a ƙera mazauni a gida, a yi shi a ƙarƙashin kulawar injiniyan aikin gona, a ɗaure shi a ramukan da kamfani ya tanada kawai, kuma a sa masa dogayen ƙarafa biyu da za su kai har aksil ɗin baya domin su raba nauyin.

A duba tayoyin gaba. Tayar da ta ishi aikin huɗa ba lalle ta ishi aikin loda ba. A jikin kowace taya an rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka da iyakar iskar da za a ba ta. Tsohuwar taya mai tsaga a gefe, ko wadda mai faci ya sha ɗinke ta, a canja ta kafin a fara. A duba sitiyari da birki su ma, domin ƙaramin wasa a sitiyari yakan zama babba idan nauyi ya ninka.

Sai maganar famfon haidirolik. Tsarin mai iri biyu ne: akwai wanda mai ke zagayawa koyaushe ko ba a aiki, akwai wanda famfo ke riƙe matsi sai an buɗe masa. Bawul ɗin loda dole ya dace da tsarin tarakta. Idan aka haɗa su a saɓe, mai zai yi zafi, famfo ya lalace. Wannan tambaya ce ta makaniki, kuma a yi ta kafin a biya kuɗi.

Haɗawar farko

A zaɓi wuri mai daidai, mai tauri, kamar daɓen siminti ko busasshiyar marmara. Ba a yin wannan aiki a gona, balle da damina. A ja birkin hannu, a kashe inji, a zare makulli, a sa duwatsu ko katako gaba da bayan tayoyin baya. A cire ƙarafan nauyi da ke rataye a hancin tarakta, domin an sa su ne saboda garma, kuma yanzu ƙari ne a kan matsala. Hannuwan loda suna da nauyin ɗaruruwan kilo, a ɗaga su da sarƙar ɗaga inji a jikin ƙarfe mai ƙwari, ba da hannun samari huɗu ba, ba kuma a reshen mangwaro ba.

A goge fenti mai kauri da tsatsa da laka daga wuraren da mazauni zai kwanta. Abin da ya rage a tsakanin ƙarfe da ƙarfe zai murƙushe daga baya, ɗauri ya saki. A sa dukan notuna na hagu da dama a sassauce tukuna, a ga komai ya zauna daidai, sannan a bi su a ɗaure ɗaya bayan ɗaya.

A nan ya kamata a tsaya a kan ingancin kusoshin ɗauri. A kan kowane bol mai inganci akwai lamba, 8.8 ko 10.9. Wanda ba shi da lamba, ko mai lamba 4.6, na aikin ƙofa da taga ne, ko da kaurinsu ɗaya. Idan ɗaya ya ɓace, a nemo mai irin lambar da littafi ya faɗa, kada a maye gurbinsa da abin da aka samu a kwandon makaniki. Ƙarfin ɗauri ma yana da awo, wanda littafi ke rubutawa da haruffan Nm. Bol mai kaurin milimita 16 mai lamba 8.8 yana bukatar wajen Nm 200, kwatankwacin a rataya kilo 40 a ƙarshen sifana mai tsawon rabin mita. Akwai sifana mai auna wannan, kuma ƙungiyar manoma da ta iya sayen loda ba za ta gaza sayen ta ba. Ƙara dogon bututu a kan sifana a hau shi da ƙafa ba awo ba ne, yana iya miƙe bol ya bar shi dab da tsinkewa ba tare da an gani ba.

A bi da tiyon mai ta inda ba zai taɓa salansa ba, ba zai goga a bakin ƙarfe ba, kuma ba zai maƙale ba idan hannuwa suka hau ko sitiyari ya juya. A sa wa kowane tiyo da mahaɗinsa alama ta fenti ko zare mai launi, domin wanda zai haɗa gobe ba lalle ne wanda ya haɗa yau ba.

Ɗora loda a kan mazauninta

Lodar zamani tana da ƙafafun ajiya guda biyu. Idan an cire ta, takan tsaya a kansu da kan bokitinta, tarakta ta fice ta bar ta. Wajen mayarwa, direba ya shigo a giya mafi ƙanƙanta, ya sa hancin tarakta a tsakiyar hannuwa, ya tsaya da zarar tiyo zai iya kaiwa. Mai nuna masa hanya ya tsaya a gefe inda direba ke ganinsa. Kada kowa ya shiga tsakanin tarakta da loda, ko tsakanin taya da hannu, muddin inji na aiki. Yara kuwa a kore su nesa tun kafin a tayar da inji.

A kashe inji, a kaɗa libar loda gaba da baya da gefe sau da yawa domin matsin da ya rage a cikin tiyo ya sauka. A goge bakin kowane mahaɗi da tsumma mai tsabta. Ƙurar hunturu da yashi su ne manyan abokan gaban famfo da bawul, kuma ta nan suke shiga.

Sau da yawa mahaɗi kan ƙi shiga idan loda ta wuni a rana, musamman a watannin Fabrairu da Maris. Dalili shi ne man da ke kulle a cikin tiyo ya yi zafi ya kumbura. Kada a doki kan mahaɗin da guduma ko a danna shi da ƙusa. A jira sanyin yamma ko na safiya, ko a zuba wa tiyo da silinda ruwa su huce.

Bayan an haɗa tiyo, a tayar da inji, a matsa a hankali, a yi amfani da liba har ginshiƙan loda su zauna sosai a cikin mazauni, hagu da dama. A sake kashe inji. A zura ƙusoshin kulle, kowace da ɗan makullinta na ainihi. Guntun rodi ko lanƙwasasshiyar waya ba makulli ba ne. Idan ƙusa ta ƙi shiga, loda ba ta zauna daidai ba, a gyara zamanta maimakon a tilasta wa ƙusar. Daga nan a ɗaga loda kaɗan yadda ƙafafun ajiya za su bar ƙasa, a kashe inji, a naɗe su daga gefe ba tare da an shiga ƙarƙashin hannuwa ba.

Hatsarin man haidirolik

Matsin mai a tarakta yakan kai 150 zuwa 200 a ma'aunin da ake kira bar, alhali iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce 2 zuwa 3. Man da ke fita ta hujin da bai fi bakin allura ba yana iya huda fata ya shige cikin nama. Raunin yakan yi kama da cizon sauro, mutum ya goge ya ci gaba da aiki, bayan sa'o'i hannu ya kumbura, nama ya fara ruɓewa. Wanda wannan ya same shi a kai shi babban asibiti nan take, kamar na Kafanchan, a gaya wa likita cewa mai ne ya shiga da matsi, domin aikin tiyata ne kuma jinkiri na iya jawo yanke yatsa ko hannu. Ba a neman yoyo da tafin hannu. A kara guntun kwali a jikin tiyo, inda ya jiƙe nan ne hujin.

Mayar da nauyi baya

Hanya mafi sauƙi ita ce zuba ruwa a tayoyin baya. A juya taya bakin iska ya koma sama, a ɗaga ta da jak, a zuba ruwa har ya kai bakin, wato kashi uku cikin huɗu, sauran a cika da iska. Kowace lita kilo ɗaya ce, kuma taya mai lamba 16.9-30 tana cin fiye da lita 250. A ƙasashen sanyi sai sun haɗa ruwan da sinadari don kada ya daskare, mu nan ruwan rijiya ya isa.

Amma ruwan taya yana danne baya ne kawai, ba ya rage wa aksil ɗin gaba ko kilo ɗaya. Abin da ke rage masa shi ne nauyin da aka rataya a hannuwan baya inda ake ɗaura garma, domin yana bayan tayoyin baya, yana yi wa gaba abin da bokiti ke yi wa baya. Duro mai cin lita 200 idan aka cika shi da kankare zai kai wajen kilo 480. A ratsa shi da ƙarfe mai ƙwari tun kafin kankare ya bushe, yadda zai shiga hannuwan baya da ƙusoshinsu. A ra'ayina wannan ya fi barin garma ko haro a rataye a matsayin nauyi, kamar yadda direbobi da yawa ke yi, domin garma doguwa ce, tana dukan mutane da bango wajen juyawa. A wasu tsofaffin taraktoci famfo ɗaya ne ke aikin baya da na loda, idan aka karkatar da mai gaba sai hannuwan baya su riƙa sauka a hankali. A irin wannan a tallafe nauyin da sarƙa.

Idan rim ɗin baya masu juyawa ne, a buɗe tazarar tayoyin iyakar abin da littafi ya yarda. Kuma kada a cire ƙarfen kariya da ke bisa kan direba don wai yana taɓa rassan itace ko ƙofar rumfa. Ƙasar Suwidin ce ta fara wajabta shi a kan sababbin taraktoci a 1959, kuma mace-macen kifewar tarakta sun ragu ƙwarai a can. Yana aiki ne tare da bel ɗin kujera, wanda ke riƙe direba a cikin filin da ƙarfen ya kare.

Gwaji

A fili, ba kaya, a ɗaga loda har ƙarshe a sauke, a kifar da bokiti a mayar, sau biyar ko shida, domin iskar da ke cikin silinda ta fita. A sauke bokiti ƙasa, a kashe inji, a duba man haidirolik a ƙara irin wanda littafi ya ce, domin sababbin silinda sun sha wani kaso. A juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama a ga ko taya na taɓa mazauni ko tiyo. A danna bakin bokiti a ƙasa a ja baya kaɗan don a tabbatar ya kulle. A ɗaga loda kamar rabin mita, a kashe inji, a zuba ido na 'yan mintoci. Idan tana saukowa da kanta a fili, akwai yoyo a silinda ko bawul. Sai a gwada da rabin bokiti kafin cikakke.

Bayan aikin yinin farko a sake bin dukan notunan mazauni da na tayoyi da sifana, daga nan kuma duk bayan awa 50 na aiki. Giris a gaɓoɓi kuwa duk bayan awa 10.

A wurin aiki

Bokiti ɗaya ne amma kaya ba ɗaya ba. Cike da buntun shinkafa ko busasshen taki ba wani nauyi ba ne, cike da jiƙaƙƙiyar marmara ya kusa tan guda. A yi tafiya da bokiti a ƙasa-ƙasa, a ɗaga shi sai an iso inda za a juye. A tudu, kaya ya kasance yana fuskantar sama: a hau da gaba, a sauko da baya, kada a ratsa gangare a karkace. A kan titi a kulle fedojin birki biyu wuri guda. Kada a tula buhuna su wuce bayan bokiti, domin idan aka ɗaga suna iya gangarowa ta kan hannuwa su faɗo wa direba. Ba a ɗaukar mutum a bokiti, ko don tsinkar mangwaro ko gyaran rufi. A lura da wayoyin lantarki, a bar tazarar aƙalla mita 3. Idan loda ta taɓa waya, direba ya zauna a kujerarsa, kada kowa ya taɓa tarakta har sai an yanke wuta.

Akwai abubuwa biyu da suka shafi gonar kanta. Kilo 3,000 a kan siraran tayoyi biyu yana daddanne jiƙaƙƙiyar ƙasa, citta da doya kuwa sai ƙasa mai laushi. A juye taki a bakin gona ko a bi layi ɗaya, kada a yi ta yawo da cikakken bokiti a cikinta. Na biyu, manoman yankin ba su manta da cutar da ta cinye gonakin citta a 2023 ba. Yawancin cututtukan ruɓewar citta suna zaune a cikin ƙasa, kuma taraktar haya tana shiga gonaki da yawa a rana guda. A kankare laka a wanke bokiti da tayoyi kafin a tashi daga wannan gona zuwa waccan.

Cirewa da ajiya

Lokacin huɗa da haro a cire loda, tana cin mai kuma tana cinye aksil ɗin gaba a banza. A cire ta da bokitinta a jiki, domin shi ke hana ta faɗuwa. A ajiye ta a inuwa, a kan daɓe ko a sa katako mai faɗi a ƙarƙashin ƙafafun ajiya, saboda ƙasar da ke da tauri a Maris za ta nutse a Yuli. A sauke matsin mai kafin a zare tiyo, a rufe bakunan da murfinsu, a rataye su kada su kwanta a ƙasa, a shafa giris a sandunan silinda da suka rage a waje.

Manoman Zangon Kataf da Kaura da Jema'a masu bukatar a duba musu tarakta kafin sayen loda za su iya tuntuɓar malamin gona na yankinsu, ko ofishin shiyya na hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Kaduna da ke Samarun Kataf. A tafi da lambar samfurin tarakta da lambar da ke jikin tayoyinta na gaba da na baya.